Ranar da Jela ta yi rawa

Litinin, ƙarfe goma na safe

Kai mai leƙen littafin mutane, sannu da ƙoƙari. Ko ke ce, oho. Na dai san ana buɗe shi, domin busasshen ganyen lemon da nake sawa a tsakiya ba ya wuni inda na ajiye shi, ganye kuwa ba shi da ƙafa. Tunda ana karatu ba sallama, yau sai an yi mini aiki. Ga kacici-kacici:

Da safe ta fita a natse, kamar mai zuwa gaida surukai. Da yamma ta dawo tana rawa, ba kiɗa ba makaɗi. Hanya ɗaya, mota ɗaya, direba ɗaya. Me ya sa ta rawa?

Kada a zo mini da "na ba ki gari". Ba ni da amsar da zan bayar. Shekara arba'in ina ɗaure yara da kacici-kacici, wannan ne na farko da ya ɗaure ni.

Jela nake nufi, 'yar ƙaramar tirelarmu mai taya biyu, wadda ake maƙala wa mota a baya duk Asabar a kai dashe kasuwa: lemo, gwaiba, mangwaro, da furanni a tukwane. Tankin ruwa yana gaba, kusa da wuyanta, domin dashe ba ya wuni a rana bai sha ba. Marigayi maigidana ne ya raɗa mata suna. Shekara talatin da ɗaya ina bin ta kasuwa, har bara da ƙafafuna suka yi yaji, aka yi biko aka gaji. Aka kawo mini keke mai batir. Keken ba ya shiga but ɗin mota. Wata takwas ina zaune ina kallon silin. Na yi naci, na yi fushi, na yi kukan ƙarya sau biyu, na gaske sau ɗaya, har ɗana Manaja ya kai Jela wurin Mai Walda aka ɗaura mata lif a baya. Faranti ne na ƙarfe: ya sauko ƙasa, a tura keke a kai, a danna, ya ɗaga. Ni kuma a ɗauke ni a sa a gaban mota, ina ɗaga wa mutanen layi hannu.

Shekaranjiya ce fitarmu ta farko da shi.

Ba zan rubuta ranar Asabar ba.

Litinin, la'asar

Malama, matar Manaja, tana asibiti har yanzu. Sun ce hannu ne.

Talata, da hantsi

To, abin da kowa ya riga ya sani shi zan rubuta, sauran a bar shi. Kasuwa ta yi kyau, dashe ya kusa ƙarewa. Muna dawowa, a gangarar nan ta bayan gada, Jela ta fara kaɗa ƙugu. Hagu, dama, hagu. Har dariya na yi, Allah ya yafe mini, na ce, "Manaja, jelarka tana murna." Ya taka birki. Sai ta ƙara. Daga nan ba mota ke jan Jela ba, Jela ke wasa da mota. Muka tsinci kanmu a rami, gefen da Malama take zaune shi ne a ƙasa. Ita ta bar mini gaba da safe, wai ƙafafuna su samu miƙewa.

Ni ko ƙwarzane. Manaja ko ƙwarzane. Keke yana nan ɗaure a kan lif kamar ba da shi aka je ba. Fitila ɗaya ce ta fashe.

Auta ta kawo mini abinci. 'Yata ce ta ƙarshe, gidanta yana bayan layinmu, ita ke zuwa yi mini wanka kullum.

"Zauna mana, kujerar ba ta cizo."

"Sauri nake, Inna."

"Yaya jikin Malama?"

"Da sauƙi."

"Yaushe hannu ya fara hana mutum dawowa gida kwana uku?"

Ta gyara labulen da babu abin da ya same shi, ta fita.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ganye bai motsa ba tun Asabar. Mai leƙe ya tafi hutu ke nan.

Na ajiye saƙar da nake yi wa jikan da muke jira. Layi shida ya rage hular ta ƙare. Shuɗiya ce, ba ta fi tafin hannuna ba. Na tura ta can ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, da kwarashin a jiki.

Alhamis, bayan azahar

An dawo da Malama. Ɗakina yana kan hanyar nata, ba yadda za a yi a wuce ba a ga ƙofata ba. Na sa Auta ta ɗaura mini sabon ɗankwali, na danna keke zuwa bakin ƙofa, na shirya magana. Na shirya in ce, "Yanzu da wane hannu za ki zane 'ya'yan mutane a aji?" Domin ita kaɗai ce a gidan nan take ramawa idan na yi tsiya. Shekara tara muna haka. Ta kira ni Shugabar 'yan surutu, in kira ta Jan biro.

Ta zo, hannu a rataye a wuya, tana takawa a hankali, ba irin takun mai ciwon hannu ba. Tsiyar ta ƙi fitowa. Na ce, "Sannu, 'yata."

Ta kalli keken. Ba ni ba, keken. Ta wuce.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Ta tagata ina hango Jela a tsakar gida. Yau na leƙa, bayanta fayau, babu lif. Na sa aka kira Manaja. Sunan nan ni na sa masa tun yana ɗan shekara shida, yana tsayawa hannu a ƙugu yana ba masu ban ruwa umarni a lambu. Yanzu ya kai arba'in da uku. Yau hannun a sake yake.

"Ina abin hawana?"

"Yana wurin Mai Walda, Inna. Za a duba shi."

"Me ya same shi? Ni lafiya lau na gan shi."

"Nauyi ya yi yawa a baya. Za a duba."

"Yaushe za a dawo da shi?"

"In an gama."

Duk maganar nan da takalminsa ya yi ta, ba da ni ba.

Asabar, ƙarfe shida na safe

Sun tafi, Manaja da Auta. Na ji ƙugiya ta faɗa kan ƙwallon ƙarfe, na ji sarƙa biyu, na ji ƙofar gida. Ba wanda ya leƙo.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Sun dawo lafiya. Auta ta shigo baki har kunne.

"Inna, ko motsi ba ta yi ba! Har a gangarar. Tsaf, kamar da."

Sai ta ji abin da ta faɗa, ta kama bakinta. Kamar da. Wato kafin a ɗaura mata ni.

Ta ce mutanen kasuwa suna gaishe ni. Mai tukwane ta rumfar kusa da tamu ta ce wa zai riƙa zaginta yanzu. Na ce ki ce mata ta yi haƙuri, ina tara mata.

Litinin, da hantsi

Ganye ya motsa. Kuma ga zoben gindin kofi a shafin Alhamis. Mai hannu biyu ba ya danne littafi da kofin shayi.

Ashe ke ce, Jan biro. Tun yaushe? In Auta ta kai ni wanka ko? Kurakurai nawa kika gani? Aji huɗu na yi aka cire ni, kada ki sa mini sifiri.

Ba za ki gaishe ni ba, amma za ki karanta ni. To, wannan ma na gode. Akwai abin da nake so in ce miki. Na juya biro sau uku, bai fito ba.

Talata, la'asar

'Yan biyun Malama sun daina zuwa tatsuniya. Na ji su a bakin ƙofa, babbar tana ce wa ƙaramar, "An ce mu bar Inna ta huta." Hutu! Ni da ba ni da sana'ar da ta wuce shi. Na yi musu kukan akuya ta taga, suka ƙyalƙyale, aka ƙwala musu kira.

Yayar Malama ta zo dubiya. Irin muryar nan gare ta wadda ba ta san bango ba.

"Mutum ya tsufa ya ƙi zama. Sai an ɗaura masa ƙarfe an kai shi kasuwa. Ga abin da ya jawo wa yarinya."

Na kasa kunne in ji wanda zai ce a'a. Manaja yana falon. Na ji cokalinsa yana zagaya kofi. Ya daɗe yana zagayawa.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Ɗaki ya ishe ni, na danna keke na nufi lambu a bayan gida. Hanyar duk gargada, haƙorana uku da suka rage sai da suka gaisa. Mangwaron da na yi wa aure da hannuna kafin ƙafa ta tafi ya kama, ya yi ganye ja. Na tsaya na yi masa barka.

Bayan tarin taki akwai shuɗin tamfol, an danne shi da bulo huɗu. Ni kuwa ban taɓa ganin abu a rufe na wuce ba, a tambayi duk wanda ya taɓa ɓoye mini alewa. Na sa sanda na ɗaga gefe.

Lif ne. Kwance a rigingine, notunansa a cikin gwangwanin madara.

Ashe Mai Walda ya dawo bayan taki da zama.

Auta ta same ni a wurin. Ba ta yi mamaki ba, shi ne ya fi yi mini ciwo.

"Ke ma kin sani."

"Inna, don a samu kwanciyar hankali ne."

"Hankalin wa?"

"Ba a so ki ji wani iri."

"Ke kika riƙe masa tamfol, ko ke kika kawo bulo?"

Na jira. Jira ai na iya shi yanzu.

"Bulo," in ji ta.

Alhamis, azahar

Ban ci ba. Na ce ciki ne. Ƙarya ce, kuma na fi su iyawa.

Juma'a, da hantsi

Wataƙila gaskiyarsu ne. Tun safe nake juya abin. Shekara talatin da ɗaya Jela ba ta taɓa rawa ba. Aka ɗaura mata ƙarfena, ta yi. Aka cire, ta daina. Wannan ko 'yan biyu sa gane.

Amma da safe fa? Da safe lif yana nan, keke yana nan, mun sauka wata gangarar da ta fi waccan tsayi, Manaja yana gudu kamar an biyo shi, Jela ko girgiza. In ƙarfena ne mai laifi, me ya sa ya jira yamma?

Na kira Mai Walda a waya. Abokin marigayi ne tun suna samari, kunnensa ɗaya ƙarar guduma ta cinye.

"Tsohon banza, kana raye?"

"Ina jira ki riga ni, in yi miki ƙofar ƙarfe kada ki fito. Na ji abin da ya faru. Sau uku na kira yaronki bai ɗauka ba."

"An ce lif ɗina yana wurinka."

Ya rage murya.

"Ba maganar waya ba ce. Ina zuwa Lahadi. Ki nemo mini sikelin banɗaki, wanda kike hawa kina yi masa ƙarya."

Asabar

Sun tafi. Sun dawo.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Manaja ya tafi ɗauko tukwane tun safe, sai magariba. Mai Walda ya zo da jakar ƙarafunansa. Ya ɗauko lif a baro yana haki yana tsine wa tsufa, ya ɗaura shi da notuna huɗu. Ya mayar da ni kujerar roba, ya ɗora kekena a kan lif kamar ranar nan. Ya jera bulo daidai tsayin ƙugiyar mota, ya aza sikeli a kai, ya sa katako, ya sauke wuyan Jela a kan katakon. Ya ja tiyo ya cika tanki har baki.

"Karanta, ke mai aji huɗu."

"Saba'in."

"Madalla. Kin san katakon nan da yara ke hawa, ɗaya can ɗaya nan, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa? Haka tirela take, tayoyi ne tsakiya. Duk abin da kika ɗora a baya, gaba yake ɗagawa. Ita kuwa dole wuyanta ya danne mota, aƙalla kashi ɗaya cikin goma na duk nauyinta, in ba haka ba ba ta bin hanya. Yadda take ɗin nan ta kai kilo ɗari shida. Saba'in ya isa. In an loda dashe daga tayoyi zuwa gaba, ƙaruwa ma zai yi. Shi ya sa kuka tafi lafiya."

"To dawowa fa?"

"Buɗe famfon nan."

Na miƙa hannu na buɗe. Ruwa yana zuba, allurar sikeli tana sauka. Sittin. Arba'in. Ashirin da biyar. Ina kallo kamar mai kallon mara lafiya. Da ruwa ya ɗauke, ta tsaya a tara.

"Ɗaga ta."

Daga kan kujerar roba, ni da sai an buɗe mini kwalbar magani, na sa hannu biyu na ɗaga wuyan Jela.

Nan take na tuna. Marigayi yana da wata ɗabi'a: ba ya barin kasuwa sai ya zubar da sauran ruwan tanki a gindin bishiyar da ke bayan rumfa. Wai shi ba zai ƙona mai yana jan ruwa zuwa gidan da ke da rijiya ba. Haka muka yi shekara talatin, ba abin da ya faru, tunda babu komai a baya. Ranar Asabar ina zaune ina kallo Manaja ya durƙusa ya buɗe famfo. Har na ce masa, "Ɗan babansa!"

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Na ce, "To ai kuskure ne, tsoho. Ɗabi'ar gidanmu ce. Wa ya sani?"

Ya goge hannu a riga. Ya sake gogewa.

"Yaronki ya sani. Ranar da na ɗaura lif, a kan sikeli irin wannan na nuna masa, sau biyu. Na ce ka manta da abin babanka, daga yau ba ka barin kasuwa sai tanki a cike. Don kada ya manta ma na rubuta masa da alli a kan murfi."

Ya cire murfin ya miƙo mini. Tankin duk ƙura ce, sai ka rubuta sunanka da yatsa. Murfin kuwa fes, kamar farantin baƙi.

Na ce ya sauko mini da kekena.

Ya bar lif a ɗaure. Labulen Malama ya motsa sau biyu, amma daga can ba a jin magana. Daga yau littafin nan a ƙarƙashin matashin kekena zai zauna. Mai son sa sai ya ɗaga ni.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Manaja ya ga lif tun jiya. Yau ya shigo ba a kira shi ba, ya tura ƙofa, ya durƙusa.

"Murfin tankinku ya fi kwanukan gidan nan tsabta," na ce. "Wa ya wanke?"

"Mantawa na yi, Inna. Wallahi mantawa. Hannuna ne ya buɗe, ban ma san na buɗe ba. Sai a cikin ramin na tuna."

"Wannan na yarda. Ina wurin, har yaba maka na yi. Mantuwa ta minti ɗaya ce. Kwana goma sha shida fa?"

"Ban ce ke ce ba. Ban taɓa cewa ba."

"Ba ka ce ba. Cokali ka juya."

Ya sa fuska a hannu. Kan nan ni na fara yi masa aski, na san inda gashin yake juyawa.

"In ta ji ba za ta zauna ba, Inna. Kin san cikin da ta rasa. Shekara shida muna jira."

"Ni fa?"

"Ke uwata ce. Ke ba inda za ki."

A hankali ya faɗe ta, kamar yabo. Na dubi ƙafafuna. Gaskiya ya faɗa ai.

Na ba shi zuwa Juma'a. Ya gaya mata da bakinsa. In yana so zan zauna a gefe, zan ce ni ma ina kallo, ni ma na yi dariya, zan ɗauki rabona. Amma duka, a'a.

Ya ce to. Irin to ɗin da yake ce mini yana yaro in na ce ya wanke ƙafa.

Talata, da hantsi

Auta tana cuɗa mini baya ta ce, "Inna, ki rufa masa asiri."

Ban gaya mata komai ba fa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar tamfol. Kuka yake yi, Inna. Aure ne fa, ga yara. Ke me za ki rasa? Kasuwa ce kawai."

Kasuwa ce kawai. A rumfar nan na yaye ta, a cikin kwalin tukwane take barci.

Na ce ta zubo ruwa, sabulu ya shiga idona.

Laraba, la'asar

Malama ta shigo. Da ƙafarta, da shayi a hannu ɗaya. Ta ajiye, idonta a kan tebur, a kan taga, a gefen filo.

"Kin daina rubutu ne, Inna?"

"Biro ya ƙare."

Ta zauna a bakin gado. Ta rame, wuyan rigar ya yi mata yawa.

"Ba fushi nake da ke ba," ta ce. "Na gwada, bai zauna ba. Keken ne ba na iya kallo. Kin san ni na matsa masa a ɗaura miki lif ɗin? Ya ce a bari, na ce zaman ɗaki zai kashe tsohuwa. Kwana uku ban yi masa magana ba sai da ya yarda. Ni na jawo wa kaina, Inna. Da hannuna. Shi kuwa ko sau ɗaya bai goranta mini ba. Ɗanki mutumin kirki ne."

Littafin yana ƙarƙashina. Na ji shi kamar na zauna a kan murhu.

Na kurɓi shayin, na ce sukari ya yi yawa, so kike ki ƙarasa ni ki ci gadon keke. Bakinta ya ɗan motsa.

"Shugabar 'yan surutu," ta ce a hankali, ta fita.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Na dawo daga wanka na tarar da sabon biro a kan tebur. Ja ne.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Na tare Manaja a bakin ƙofa da keke, na gaya masa abin da matarsa ta ce, kalma da kalma. Na zaci zai faɗi.

"Na sani," ya ce. "Kullum sai ta faɗa. Lokaci ne, Inna, zai wuce mata."

Ya sani.

Juma'a, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ya kawo mini rediyo. Sabo, a kwali, mai tashoshi da yawa, wai ta riƙa ɗebe mini kewa ranar Asabar. Ya kunna mini da kansa, ya ƙara murya, ya fita.

Na kashe. Shi ya sa na ji ƙarar sifana ana kwance notuna a tsakar gida. Noti ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai ƙarar baro ta yi bayan gida.

Da ni kaɗai ce, da wataƙila na iya. Ni tsohuwa ce, bakin yayar Malama ba zai rage mini kwana ba, kasuwa kuma ta ci ba ni ba shekara ɗari kafin a haife ni. Da sai in kunna rediyona in yi shiru, in mutu ina mai taurin kan da ya jawo masifa. Na auna wannan tun Litinin, na ga zan iya ɗauka.

Amma yarinyar nan tana tafiya a gidan nan da abin da ba nata ba. Yana kwana kusa da ita yana ji.

Asabar, ƙarfe shida da kwata na safe

Sun tafi.

Malama, ga littafin a kan tebur. Na cire ganyen, ba sauran leƙe, ni na ba ki. Zauna tukuna, ki ajiye kofin nesa. Ki fara daga Lahadi. Ina tsakar gida wajen famfo, in kina son wanda za ki zaga ko wanda za ki riƙe, duka biyu ina nan.

Ɗana ne. Ni na haife shi, ina son sa, yau ma ina son sa. Ba zan ce miki ki zauna ba, ba zan ce ki tafi ba. Na ba shi kwana biyar, ya kawo mini rediyo.

Ba ke ba ce, 'yata. Abin da biro ya ƙi fitarwa ran nan ke nan, ko da yake a lokacin ban san dalili ba.

Jela ta yi rawa ne domin wuyanta ya yi sauƙi. An sayar da dashe, tankin gaba babu ruwa, lif da keke suna baya, kilo tara kaɗai ke kan mota. An gaya wa direba ya cika tanki kafin ya dawo. Ya buɗe famfo ya zubar.